Fasawod Ɗaya, Waya Sittin: Lokaci Ya Yi da Ofisoshin Dutse Za Su Ba Kowa Nasa Asusun

Duk wanda ya taɓa aiki ko zaman jira a ofis mai Wi-Fi ya san abin da ke faruwa da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Akanta na ƙoƙarin ɗora takardar albashi, shafin yana ta juyawa ya ƙi buɗewa. Sakatare ya tura imel tun ɗazu, har yanzu bai tafi ba. Oga na cikin taron Zoom da mutanen Abuja, muryarsa na yankewa. Kowa sai ya ce netwok ne ba kyau, a zagi kamfanin da ke ba da sabis, a kashe rauta a kunna, a ci gaba da jira.

Wani lokacin laifin na kamfanin ne da gaske. Amma sau da yawa matsalar tana cikin ofis ɗin, manne a jikin bango ko a bayan kalanda: 'yar takarda mai ɗauke da kalmar sirrin Wi-Fi, wadda ba a canza ba tun ranar da aka kafa na'urar. Ma'aikata sun san ta, masu yi wa ƙasa hidima na bara da na bana sun san ta, ɗaliban da suka zo koyon aiki sun san ta, direba da mai gadi da mai shagon caji na bakin ƙofa duk sun san ta.

Wannan tsari na fasawod ɗaya ga kowa ya kamata ya zo ƙarshe a ofisoshin Dutse da na Birnin Kudu, Kiyawa, Jahun, Gwaram da sauran garuruwan tsakiyar Jigawa. Kowane mai amfani da intanet ɗin ofis ya samu nasa asusun da nasa kason, a kuma samu mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin kula da wannan a rubuce. Dalilin ya wuce batun sauri. Akwai bayanan mutane a cikin waɗannan kwamfutoci, kuma yanzu akwai dokar da ke tambayar wanda ya yi sakaci da su.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage

A farkon shekarun 2000, lokacin da yawancin jihohin Arewa ba su ɗauki intanet da muhimmanci ba, gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa kamfanin Galaxy ITT domin samar da intanet a jihar, ta kuma buɗe cibiyar koyon fasahar kwamfuta ta Kazaure da aka fi sani da Informatics. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda a yau take yaye ɗalibai a fannin kwamfuta. Shugaban hukumar NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. Jihar da ke da wannan tarihi ba ta rasa masu ilimin saita rauta ba.

Abin da aka fi rasawa shi ne ɗaukar aikin a matsayin aiki. A ofisoshi da dama ana kashe kuɗi a sayo kwamfutoci da rauta, a biya kuɗin sabis na shekara, a yi bikin buɗewa, daga nan sai a bar komai a hannun duk matashin da aka ga ya iya latsa waya. Ba shi da takardar da ta ce aikinsa ne, ba shi da ikon hana kowa, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki zai tafi da duk kalmomin sirrin a kansa.

Lissafin da ya kamata kowane oga ya sani

Ƙarfin layin intanet kamar bututun ruwa yake: akwai iyakar abin da zai iya wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ana auna shi da megabit a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Mbps. Megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, wato MB ɗin da aka saba gani wajen sayen data. Ke nan layin da ke da Mbps 20 yana iya sauke MB biyu da rabi ne kacal a daƙiƙa, kuma duk wanda ya hau layin da shi za a raba.

A ɗauki misalin ofis mai ma'aikata 25 da layin Mbps 20. Kallon bidiyo mai hoto tar-tar a YouTube na cin kusan Mbps 5. Mutum huɗu kawai suka buɗe irin wannan bidiyo a lokaci guda, sun cinye layin gaba ɗaya. Kiran murya na WhatsApp kuwa bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na megabit ɗaya ba, imel da shafin banki ma ba su da ci. Amma idan ba a tsara ba, rauta ba ta san bambanci tsakanin takardar albashi da fim ba. Wanda ya fi jan ruwa shi ke kwashewa.

Akwai kuma ɓarnar da mai waya bai ma san yana yi ba. An saita yawancin wayoyi su ɗauki Wi-Fi a matsayin intanet na kyauta marar iyaka. Da zarar waya ta hau, Play Store zai fara sabunta manhajoji, Google Photos zai fara ɗora hotuna da bidiyon bikin da aka ɗauka a ƙarshen mako, WhatsApp zai sauke duk bidiyon da aka turo a guruf-guruf. Wayar tana aljihu, mai ita yana gaisawa da abokan aiki, ita kuwa tana shan layi. Idan waya sittin suka yi haka da safiyar Litinin, ko an ninka ƙarfin layin ba zai isa ba.

Shi ya sa sayen ƙarin megabit ba tare da tsari ba yake kama da zuba ruwa a kwando. Tun da Starlink ya shigo Najeriya a farkon 2023, wasu na ganin an gama da matsalar sauri. Layi mai ƙarfi yana taimakawa, amma yawan masu hawa yakan ƙaru daidai da labarin saurinsa, kuma ba ya gyara matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko haɗari.

Asusun da ba shi da mai shi

Wi-Fi ƙofa ce. Wanda ya shiga, idan ba a raba hanyoyin ba, yana kan layi ɗaya da kwamfutar akanta, da firinta, da na'urar da ke ajiye hotunan kyamarorin tsaro, da ita kanta rautar. Rautoci da yawa har yau suna amfani da sunan shiga da kalmar sirrin da suka zo da su daga kamfani, waɗanda duk mai son sani zai samu a intanet cikin minti ɗaya.

Haka abin yake a cikin kwamfutocin. Asusu ɗaya ne kowa ke shiga da shi, imel ɗin ofis mutum biyar sun san fasawod ɗinsa, shafin biyan kuɗi kuma wanda aka yi wa rajista ya ba mataimakinsa, mataimakin ya ba wani. A cikin waɗannan na'urori akwai sunayen ma'aikata da lambobin asusun bankinsu, da NIN da BVN, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da fayil ɗin marasa lafiya a asibitoci. Ranar da aka goge wani fayil, ko aka canza adadi, ko jerin sunaye da lambobin waya ya faɗa hannun 'yan damfara, tambayar farko ita ce: wa ya yi? Idan kowa da asusu ɗaya yake shiga, babu amsa. Kowa abin zargi ne, kuma a irin wannan hali ƙaramin ma'aikaci ne ke kwana a ciki.

Mafi muni shi ne asusun wanda ya riga ya tafi. Mai yi wa ƙasa hidima yana gama shekararsa ya koma garinsu, ɗalibin koyon aiki yana yin watanninsa ya koma makaranta, ma'aikaci yana ritaya ko a sallame shi, amma asusunsu na nan a buɗe. A shekarar 2021, masu kutse sun shiga kamfanin Colonial Pipeline, mai babban bututun man fetur a gabashin Amurka, ta hanyar wani tsohon asusu da ba a amfani da shi kuma ba a rufe ba, wanda kalmar sirri kawai ke tsaronsa. An dakatar da bututun na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama, kamfanin ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4. Idan asusu ɗaya da aka manta ya durƙusar da kamfani irin wannan, ƙaramin ofis ba shi da hujjar cewa ya fi ƙarfin abin.

Kuma doka ta riga ta iso. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Idan aka samu kutse ko yoyon da zai iya cutar da masu bayanan, dole a sanar da hukumar cikin awa 72 da gano shi. Tara ga manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Ofishin da bai san adadin mutanen da ke kan layinsa ba, ta yaya zai san an yi masa kutse, balle ya kai rahoto cikin kwana uku?

Gyaran ba ya bukatar miliyoyi

Mataki na farko shi ne raba layi gida biyu: ɗaya na aiki, ɗaya na baƙi da wayoyin ma'aikata. Kusan duk rautar zamani tana da wannan tsari na layin baƙi, kunna shi kawai ake yi. Wanda ke kan layin baƙi zai shiga intanet amma ba zai ga kwamfutocin ofis ba.

Na biyu, a ba kowa sunan shiga da kalmar sirrinsa. Rautocin MikroTik, waɗanda masu sayar da Wi-Fi a unguwanni da gidajen kwanan ɗalibai suka daɗe suna amfani da su, suna yin wannan cikin sauƙi: kowane mutum da asusunsa, da iyakar saurinsa, da adadin na'urorin da zai iya haɗawa, da ranar da asusun zai mutu da kansa. Baƙo ya samu tikitin awa biyu, ɗalibin koyon aiki ya samu na watannin da zai yi. Abin da ɗan kasuwa ke yi don kada a sha masa data kyauta, ofis ma zai iya yi.

Na uku, a fifita aiki. Ana iya umartar rauta ta ware wani kaso na layin domin taron bidiyo da shafukan aiki, ragowar kuma ta raba shi daidai tsakanin masu amfani. Idan mutum ɗaya ne a kan layi ya more shi duka, idan sun zama talatin kowa ya samu rabonsa. Manyan sabunta manhajojin kwamfuta a tura su zuwa bayan tashi daga aiki.

Na huɗu, rajista. Littafi ko fayil ɗaya da ke nuna wa ke da wane asusu, wa ya ba da izini, yaushe aka buɗe, yaushe za a rufe. Takardar sallamar duk mai barin ofis ta haɗa da sa hannun mai kula da netwok, kamar yadda ake karɓar makullin ofis da katin shaida. Asusun da ke taɓa kuɗi ko bayanan mutane kuwa a sa masa tabbaci mai mataki biyu, yadda ko an saci kalmar sirri sai an samu lambar da ke zuwa wayar mai shi.

Na biyar, kada makullin gida ya zama a aljihun mutum ɗaya. Babbar kalmar sirrin rauta da ta imel ɗin ofis a rubuta su, a rufe a ambulan, a ajiye wurin shugaban ofis. Mai kula da netwok na iya rashin lafiya, ana iya yi masa canji, kuma rai ba a bakin komai yake ba.

Abin da masu ja za su ce

Hujja ta farko mai nauyi ce. Data ta yi tsada, musamman tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Ga ƙaramin ma'aikaci ko ɗalibi, Wi-Fi ɗin ofis wani sauƙi ne na gaske, kuma a al'adar da ba a hana maƙwabci ruwan sha, hana mutum fasawod yana kama da rowa. Amsar ita ce tsarin asusu ba ya hana kowa. Yana ma kare mai ƙaramin ƙarfi, domin a tsarin yanzu mutum ɗaya mai sauke finafinai a laftof shi ke cinye rabon mutum ashirin. Ofishin da ke son yi wa maƙwabta alheri ya buɗe musu layin baƙi mai iyaka, ya san abin da ya bayar. Kyautar da mai ita bai san ana ɗiba ba, ba sunanta kyauta ba.

Hujja ta biyu ta fito ne daga ɗaya ɓangaren: me zai hana a toshe TikTok da Facebook da YouTube kawai a huta? Wannan ita ce hanyar da ogogi suka fi so, kuma ba ta cika aiki ba. Matashin yau yana sauke manhajar VPN ta kyauta cikin minti biyu ya tsallake shingen, kuma irin waɗannan manhajoji wasunsu sun fi abin da aka toshe haɗari. Ban da haka, sanarwar ofis a Facebook ake wallafa ta, aiki a guruf ɗin WhatsApp ake raba shi, gyaran firinta ma a YouTube ake koyo. Iyakance sauri ya fi toshewa amfani: mai son kallo ya kalla cikin kasonsa, ba tare da ya tsayar da aikin wani ba.

Hujja ta uku ita ce wadda ya kamata a tsaya a kanta sosai: idan kowa yana da asusu da sunansa, ashe an ba mai kula da netwok damar leƙen asirin mutane? Tsoron yana da tushe. Mai riƙe da rauta yana iya ganin sunan na'ura, da lokacin da ta hau, da yawan datar da ta sha, da sunayen shafukan da ta ziyarta. Ba ya iya karanta saƙonnin WhatsApp, waɗanda tun 2016 a kulle suke daga waya zuwa waya, kuma ba ya ganin abin da aka rubuta a cikin shafi mai alamar HTTPS, kamar na banki. Amma sunayen shafuka kaɗai sun isa su tona rashin lafiyar mutum, ko neman wani aikin da yake yi a ɓoye, ko ra'ayinsa na siyasa. A gari kamar Dutse inda kusan kowa ya san kowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a lura, mai riƙe da rauta yana ganin yawancin waɗannan abubuwa ko a tsarin fasawod ɗaya, kuma babu wata ƙa'ida da ta ɗaure shi. Maganin shi ne a ɗaure shi. A rubuta takarda mai shafi ɗaya da kowa zai karanta kafin a ba shi asusu: me ake adanawa, na tsawon wane lokaci, wa ke da ikon dubawa, a wane hali. Kada mai kula da netwok ya buɗe bayanan wani sai da rubutaccen izini da dalili. Kada ya nemi fasawod ɗin imel ko Facebook na kowa, domin aikinsa ba ya bukatar haka. Idan oga ya ce a duba masa abin da wane yake yi don wata husuma ta tsakaninsu, takardar nan ita ce garkuwar da ƙaramin ma'aikaci zai ɗaga ya ce ba ya cikin ƙa'ida.

Rabon mai waya

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ofisoshi sun yi sakaci, amma masu wayoyi ma suna da nasu. Tun daga Android 10, raba Wi-Fi ya koma nuna lambar QR kawai, aboki ya ɗauka da kyamara ya hau. Wanda aka ba asusu da sunansa ya sani cewa duk abin da aka aikata da shi, sunansa ne zai fito. Ba da shi aro daidai yake da ba da aron katin ATM tare da lambar sirri.

Akwai ƙananan abubuwa da kowa zai iya yi yau. A cikin saitin Wi-Fi na wayar Android akwai wurin da ake gaya wa waya ta ɗauki wani layi a matsayin mai ƙidayar data, a iPhone kuma akwai yanayin rage cin data. Kunna shi a kan layin ofis yana dakatar da yawancin sabuntawa da ɗora hotuna na bayan fage. A saitin WhatsApp a cire saukar bidiyo kai tsaye. Kada kalmar sirrin ofis ta zama ita ce ta imel ko ta manhajar banki. Wanda ya shiga asusunsa a kwamfutar da jama'a ke amfani da ita ya fita kafin ya tashi, kuma ya ƙi amincewa idan burauza ta nemi adana fasawod. Mai barin aiki kuwa ya nemi a rufe asusunsa a gabansa, domin kare kansa ne.

Ga matasan da suka karanci kwamfuta a Dutse ko Kazaure ko Kafin Hausa suna jiran aiki, nan akwai sana'a a kwance. Makarantu masu zaman kansu, asibitoci, otal-otal, cibiyoyin jarrabawar JAMB, ofisoshin ƙungiyoyi da na ƙananan hukumomi duk suna da rauta, kaɗan ne ke da mai kula da ita yadda ya dace. Wanda ya iya raba layi, buɗe asusu da rufe shi, ajiye rajista, sannan ya iya riƙe sirri, yana da abin sayarwa. Riƙon amanar shi ne zai sa a sake kiran sa.

Shugabannin ofisoshi kuwa suna iya gwada kansu da tambayoyi uku a safiyar Litinin mai zuwa. Na'urori nawa ne ke kan layin ofis a wannan lokacin? Yaushe aka canza kalmar sirri na ƙarshe? Cikin waɗanda suka bar aiki a shekarar da ta wuce, nawa ne har yanzu za su iya shiga? Duk ofishin da ya kasa amsa ɗaya daga ciki, kafin ya nemi ƙarin kuɗin intanet a kasafin baɗi, ya fara cire takardar nan da ke bayan kalanda.